Farantan Dalma

Maigidana masanin sinadarai ne a wata hukumar gwamnatin tarayya nan Abuja, amma hankalinsa kullum yana ɗan ɗakin da ke bayan gidanmu. Can yake jera farantan dalma cikin ruwan batir, ya jona musu wuta, ya zauna yana kallo kamar mai jiran nama ya dahu. Na sha yi masa tsiya, in ce duk bokon nan a ce mutum ya ƙare a gadin dalma! Wandunansa kuwa duk huji ne, inda ruwan ya ɗiga.

Wata rana ya ciro faranti ɗaya da safar hannu ya nuna mini. Ya yi duhu kamar daddawa.

"Tsatsa ce wannan, Maman yara, amma tsatsa mai amfani," in ji shi. "Wuta ce ta sa dalmar ta canza haka. In batir yana aiki, wani farin abu ke rufe farantan, caji kuma ya wanke shi. Amma in aka yasar da shi, farin ya daskare, shi ke nan."

Na ce to, Allah Ya ba da sa'a, a zo a ci abinci. Da waɗannan farantan ya haɗa batirin da ke ba mu haske in an ɗauke wuta, da shi 'ya'yanmu suke karatu.

Bayan rasuwarsa da 'yan kwanaki, yayansa ya zo daga Zuba ya zagaya gidan. Ya zare wayoyin ɗakin don gudun gobara, ya sa kwaɗo. Ina cikin takaba, na aika a roƙe shi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, don Allah a bar batirin nan a jone. In ya zauna ba caji, mutuwa zai yi."

"Ki yi haƙuri, dukiyar marayu ce," ya ce a hankali. "Ba mai taɓa ko tsinke sai an raba gado."

Ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne, na sani. Shi ya sa ma na rasa wanda zan yi fushi da shi, ga fushin kuma cike da cikina. Kullum sai in wuce ta gaban ƙofar nan, na san abin da ke faruwa a ciki, don mai ɗakin ya riga ya gaya mini. Abu ɗaya da ya rage yana aiki daga hannunsa, ga shi yana lalacewa a bayan kwaɗo.

Rabon bai yiwu ba sai da damina ta wuce. Da aka buɗe, aka rubuta batirin cikin tarkacen da za a ba baban bola, mai sayen tsoffin ƙarafa. Na ce a'a, a sa shi a kasona.

Na kai shi wajen wani mai cajin batir a Mpape. Ya jona shi, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya buɗe murfin ya haska mini ciki. Farantan sun yi fari fat, ba sauran duhun daddawa ko kaɗan.

"Madam, wanda ya haɗa wannan ya iya aiki," in ji shi. "Ki gaya wa oga, kada ya ƙara barinsa haka."

Ranar na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.