Malam Isiyaku, Wanda Ya Koya Mana Sanin Dutse

Ina kan hanyar Mai'adua ranar Talata da hantsi ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, Malam Isiyaku ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsayar da babur a gefen titi, na daɗe ban iya tayar da shi ba.

Shi ne malaminmu na labarin ƙasa a sakandare a Daura. Aljihunsa kullum a yage yake saboda duwatsun da yake tsintowa. Yakan zube su a kan tebur ya ce dutse iri uku ne. Akwai dutsen wuta, wanda ya narke a can cikin ƙasa kamar dalma, ya huce ya daskare, irin dutsen niƙan iyayenmu. Akwai yashi da laka da ruwa ya tara, suka danne juna shekaru aru-aru har suka haɗe hawa-hawa. Na uku kuwa tsohon dutse ne da zafi da nauyin ƙasa suka sauya masa kama. "Kada ku haddace mini," in ji shi. "Ku taɓa, ku kankare, ku faɗa mini abin da kuka gani."

Wata shekara da rani mutanen ƙauyenmu suka haƙa rijiya, suka ci karo da dutse a zurfin gaba takwas. Aka dakatar da haƙa, ga mata da 'yan mata na tafiya mai nisa ɗibar ruwa. Na ba Malam labari. Ran Asabar sai ga shi a kan keke. Da furfurarsa ya sa aka zura shi da igiya, ya fito da gutsuren dutsen, ya murje shi da yatsa a gaban mahaifina.

"Alhaji, wannan ba dutsen wuta ba ne, yashi ne ya haɗe, kuma irinsa yana riƙe ruwa. Ku ci gaba. Ban yi muku alkawari ba fa, ruwa na Allah ne."

Kwana huɗu bayan nan ruwa ya ɓullo. Aka kai masa rago, ya mayar. Roƙonsa ɗaya, 'yan matan da ɗibar ruwa ta raba da aji su koma makaranta. Har da yayata Hadiza a cikinsu.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Inna Rabi, mai ɗakinsa, da 'ya'yansa haƙuri, Ya zama gatansu bayansa. Amin.