Ruwa ya ci garin, takarda ta raba yaron biyu

Daminar bana ta cika shekara ashirin da rasuwar ɗana na fari. Ban tara mutane ba. Na sa an dama fura an kai masallaci, na zauna a ƙofar ɗaki har inuwa ta juya. Mutane suna zaton uwa tana kuka duk shekara in ranar ta zagayo. Ni dai ban yi ba. Abin da nake ji kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ne, ka san taka ce, amma in ka taɓa ba ka jin komai.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Mu matan wancan lokaci ba mu kiran sunan ɗan fari, kamar yadda ba mu kiran na mai gida. In ina son shi sai in ce kai, ko in aiki ƙanwarsa ta kira shi. Kuma ba mu riƙe ɗan fari a hannunmu. Da aka yaye shi sai yayana Isa ya zo daga Bakura ya ɗauke shi, don a lokacin Allah bai ba shi haihuwa ba. Haka ake yi, ba wanda ya ga abin magana. Mu kuma muna ƙauyenmu cikin ƙasar Maradun, kusa da gulbi, muna noman gero da dawa, da ɗan lambun albasa in rani ya yi.

Isa ne ya kai shi makarantar boko. Malamin da ke rubuta yara ya tambayi sunan yaro, Isa ya faɗi wanda ake kiran shi da shi a gida. Ya tambayi sunan uba, Isa ya faɗi nasa, don shi ke ciyar da shi, shi za a nema in yaro ya yi laifi. Ya tambayi gari, aka ce Bakura. Da wannan sunan ya gama firamare, da shi ya tafi sakandare a Mafara, da shi ya zauna jarrabawa.

Yana sakandare aka fara aikin dam na Bakolori. Wata rana ma'aikata suka zo ƙauyenmu suna bi gida gida, suna rubuta mutanen da ruwa zai tayar. Mai gidana ya lissafa iyalinsa, ya fara da ɗansa na fari, ya faɗi sunan da aka raɗa masa ranar suna, ya bi shi da nasa. Shi ma bai yi ƙarya ba. Ɗansa ne.

Ruwa ya zo yadda aka ce zai zo. Ba na son in tsawaita a nan, waɗanda suka gani sun sani. Mutanen garinmu suka watse, wasu inda aka nuna musu, wasu wurin dangi. Mu muka dawo Garbadu inda mai gidana ke da ɗan uwa. Maigarinmu, wanda ya ci goron sunan yaron nan, bai kai ƙarshen wannan shekara ba.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, yaron ya ci sosai, aka ba shi wuri a babbar makaranta ya karanta aikin gona. Ba mu da abin kai shi, gonar da za a sayar da amfaninta tana ƙarƙashin ruwa. Amma akwai tallafin karatu na gwamnati, kuma an ce 'ya'yan waɗanda ruwa ya tayar za a fara dubawa. Na tuna ranar da ya zo ya faɗa wa ubansa. Ina bayan zana ina sussuka, na ji komai, ban fito ba.

Makaranta ta aika da sunansa da sakamakonsa ga masu tallafin. Masu aikin dam su ma sun aika da sunayen gidajen da suka tashi. Takardun biyu suka isa wuri ɗaya, wataƙila ma ɗaki ɗaya. Ɗaya ta ce ga yaro mai ƙoƙari, ɗan Isa, mutumin Bakura, garin da ruwa bai ci ba. Ɗaya ta ce ga ɗan gidan da ruwa ya ci, amma babu makarantar da ta san shi.

Daga nan ya fara tafiya. Masu tallafi suka ce ya kawo shaida daga makaranta. Makaranta ta ce abin da ke rubuce ta sani, kuma takardar jarrabawa ta riga ta fita da wannan suna. In masu tallafi suna da tambaya, su rubuto mata. Masu tallafi suka ce su ba su rubuta wa makaranta, ɗalibi ke kawowa. Masu aikin dam suka ce su ƙidaya aka sa su, sun gama, sun miƙa. Aka ce to maigari ya shaide shi. Namu ya rasu. Na Garbadu mutumin kirki ne, amma ya ce mu baƙinsa ne, ba zai sa hannu kan haihuwar da bai gani ba.

Duk daminar nan a kan hanya ya yi ta, wani lokaci a keken Isa, wani lokaci a bayan motar kaya. Yakan dawo da laka har gwiwa, takardun a cikin leda a ƙirjinsa don kada su jiƙe. Wata rana na aje masa tuwo, na kasa haƙuri, na tambaya ina kallon wani wuri.

"Mi sunka ce?"

"Inna, waɗancan sun ce ɗan Isa sunka sani. Waɗanga sun ce gidan da ruwa ya ci babu ɗan Isa ciki."

Isa yana nan ranar, ya biyo shi. Ya tuɓe hula ya jefa kan tabarma.

"Ni na ciyar da shi, ni na ɗinka mai riga, yau sunana ya zama ƙaya? A kankare shi mana! Ai ba da wuta anka rubuta ba."

Yaron ya yi dariya, ya ce, "Kawu, in anka kankare ka, da kai da jarrabawar za ku tafi tare."

Ban taɓa jin ya ce wani ya zalunce shi ba. Kuma ni ma, da na daɗe ina juya abin, ban samu mugu a ciki ba. Kowa ya faɗi abin da ke gabansa. Abin da ya rage kawai wani ya ɗauki alƙalami ya tambayi ɗan uwansa ma'aikaci: wannan da wancan mutum ɗaya ne? Ba a taɓa yin haka ba, don haka ba a yi ba. Aka buɗe makaranta, 'yan ajinsa suka tafi. Da shekara ta zagayo ya sake gwadawa, aka ce maganar 'yan dam an rufe ta.

Ya karɓi aron fili a wurin noman rani, ya yi shinkafa da tumatir a bakin ruwan da ya ci gonar ubansa. Ya iya aikin ƙwarai. Ya yi aure, ya haihu. Littattafansa suna cikin akwati, ba ya buɗewa, ba ya bari a taɓa. Ciwon ciki ya kama shi yana da ƙarfinsa, ya daɗe yana jinya, ya rasu 'yarsa ta ƙarshe, Balkisu, tana goye.

Ni kuwa bayan abin nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a Garbadu. Ban faɗa wa kowa dalili ba, ban ma tabbata ina da shi ba. Na dai so in ga mene ne a cikin takarda da ya fi wanda ke tsaye gabanka.

Yanzu ina ji a rediyo ana cewa za a haɗa makarantu da hukumomin tallafi ta na'ura, su riƙa miƙa wa juna bayanin ɗalibi, ba sai yaro ya ɗauka da ƙafarsa ba. Nakan yi tunanin me zai ce da yana raye. Ina jin zai ce abu ne mai kyau, amma a tambaya wane suna na'urar za ta ɗauka. Har yau ana ba da riƙo. Kuma yau ma ƙauyuka suna tashi a ƙasar Maradun, ba don ruwa ba, don bindiga. Yara sun cika Mafara, an rubuta su a makaranta da sunan wanda ya sauke su, maigarinsu yana wani gari, ko babu shi. In ofisoshin za su yi magana da juna, su yi, an daɗe ana jira. Amma in takarda biyu suka saɓa, kada a ce wa yaro ya je ya gyara. Su tambayi juna, sannan su bar ƙofa ga wanda ya san yaron ya shigo ya faɗa.

Balkisu ta girma, tana babbar makaranta, ita ma tana neman tallafi. Kwanan baya ta zauna kusa da ni tana latsa waya, ta ɗago.

"Tsohuwa, sun ce sunan uba da garinsu. Wanne zan sa? Na takardar makarantarshi daban, na takardar gado daban."

Na ce ta ba ni biro.

"Ke da biro? Ai sai a rufe shafin ba ki gama baƙi guda ba."

"Ba ni dai, marar kunya."

Na rubuta mata a bayan wata takarda, ta karanta. Ban sani ba ko masu tallafin za su karɓa. Ta ce akwai wurin da ake ƙara bayani, ta sa a can, har yanzu ba su amsa ba.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Akwatin littattafai da gara ta fara ci, fili a bakin ruwa da ya koma hannun mai shi, da yarinyar nan mai dariya irin tasa. Isa ya rasu, mai gidana ya rasu, malamin da ya rubuta shi ma na ji ya rasu. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, ni kaɗai na saura, kuma a wancan lokaci ba wanda ya tambaye ni. Bakina bai saba da sunayen nan ba, ba kuwa zai saba yanzu ba. Amma hannuna ya koyi rubutu, don haka ga shi a wuri ɗaya, ko da wani ofis zai buƙata.

Lawali na Isa, ɗan makarantar Bakura, shi ne Muhammadu na Ummaru, na garin da ruwa ya ci. Mutum ɗaya ne. Ni na haife shi. Allah ya jiƙansa.