Mika'ilu Mai Ji da Haƙori

Allah ya jiƙan Mika'ilu Walda. Yau kwana arba'in da kai shi makabartar Al Qusais ta Dubai, amma ba wanda ya taɓa doguwar sukundirebarsa da ke rataye a bangon gareji, mai shatin haƙora a mariƙinta.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi walda, ya shekara ashirin a ƙarƙashin motocin mutane kafin ya zo Dubai. Ɗakinsu na Sonapur, unguwar ma'aikata, mutum shida ne, shi ke gadon ƙasa saboda gwiwa. Gyaran salansar mota ne sana'arsa. Ranar da Izzuddeen, matashin injiniya ɗan Kaduna da ke kula da garejin, ya gaya masa cewa ma'anar salansa da Turanci ita ce mai sa shiru, sai ya yi dariya har da tari.

"Ashe shi ya sa," in ji shi. "Ni ta fara sa wa."

Gaskiya ce. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye masa kunnen hagu, na dama ma saura kaɗan. Sai an tsaya gabansa an ɗaga murya. Maganar ta kai ga arbab, wato Balaraben da ke da garejin, ya ce mai gyaran salansar da ba ya ji ba shi da amfani, idan bizarsa ta ƙare a watan gobe ba za a sabunta ba. Mika'ilu ya karanta maganar a fuskokin mutane tun kafin a faɗa masa.

A makon ne Alhaji Idris, mai harkar aika kaya zuwa Kano, ya kawo wata tsohuwar mota Doj ƙirar 1970, baƙa, mai fulogi takwas, da ya saya a gwanjo a Sharjah. Bututun salansarta biyu sun ruɓe. Ya ce a sa sababbi, kuma yana so in ta taso a san mota ce ta taso.

Akwai hanya biyu ta haɗa bututun nan biyu a ƙarƙashin irin wannan mota. Ko a gicciya su kamar X, ko a bar su a jere a haɗa su da ɗan guntun bututu a tsakiya kamar H. Mika'ilu bai damu da haruffa ba. Na farko almakashi yake ce masa, na biyu tsani.

Izzuddeen ya juyo masa da kwamfuta. "Baba, almakashi za mu sa. Ya fi ba da ƙarfi in an taka. Kuma Alhaji ƙara yake so."

"Ƙara ya ce?"

"Ya ce a san ta taso."

"Injiniya, babur ma ana sanin ya taso. Almakashi tsiwa yake sa mota, ta riƙa ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa. Wannan dattijuwa ce. Amo take so, irin wanda ke bugun ƙirji. Tsani zan sa."

Izzuddeen ya yi ƙasa da murya, sai ya tuna, ya ɗaga. "Baba, don Allah. Arbab yana kallo. Ka yi abin da ke takarda, in ya ɓaci laifina ne. In ka yi naka ya ɓaci, khalas, taka ta ƙare. Kuma, ka yi haƙuri, da wane kunnen za ka ji amon?"

Mika'ilu ya dube shi. Ya san yaron ba mugunta yake nufi ba, rufa masa asiri yake so ya yi. Amma zama a Dubai yana liƙa abin da ya san ba daidai ba ne, don kawai a buga masa hatimi a fasfo, wannan bai iya ba.

"In kora ce, a kore ni a kan aikina," ya ce. "Ba a kan naka ba."

Ya lanƙwasa bututu biyu, ya ɗaura, ya ja layin farin fenti a jikin kowanne, ya sa aka tada inji. Inda fentin ya fara ƙonewa, nan zafi ya taru, nan ya yi alama ya liƙa matakin tsaninsa. Sannan ya kwanta a ƙasa, ya dafa bakin sukundireba a jikin bututun, ya ciji mariƙin, ya rufe ido. Ta haƙori yake ji, ta ƙashin muƙamuƙi. Ya tashi ya yanke abin da ya liƙa, ya matsar da shi kamar faɗin yatsu uku, ya sake liƙawa, ya sake cizo. Sai a na uku ya tofar da yawu ya ce a kira Alhaji.

Alhaji Idris ya zo bayan La'asar, arbab na tsaye a ƙofar ofis. Aka murza makulli. Motar ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, shayin da ke kan benci ya shiga rawa a cikin kofi. Alhaji ya yi wata doguwar magana yana murmushi. Mika'ilu bai ji ko kalma ɗaya ba. Tafin hannunsa na kan bayan motar, shi ma yana sauraro.

Izzuddeen ya matso kusa da kunnensa na dama. "Ya ce yana da wasu biyu a Sharjah, kuma ba wanda zai taɓa su sai kai."

"Gaya wa arbab," in ji Mika'ilu. "Shi yana da kunne."

Aka sabunta bizar. Ya ƙara shekara biyu da wata huɗu yana aiki, bai taɓa yarda an ce masa kurma ba, sai dai ya ce surutun mutane ne ya ishe shi. Ciwon zuciya ya same shi wata safiya a cikin bas ɗin ma'aikata, da kwanon abincinsa a cinya.

Doj ɗin tana Kano yanzu. Izzuddeen kuwa, in irinta ta shigo, tsani yake rubutawa a takardar aiki, da Hausa, sai Indiyawan garejin sun zo sun tambaye shi me ake nufi. Ya taɓa miƙa hannu zai sauko da sukundirebar ya gwada, ya ga shatin haƙoran, ya bar ta a wurinta.

Allah ya sa ka ji kiran rahama da kunnuwanka biyu, Mika'ilu.