Direban da Ba Ya Barin Fasinja

Shekara talatin da ɗaya Orest Hnatiuk ya yi yana tuƙa bas a birnin Winnipeg. Ranar da ya yi ritaya abu biyu aka faɗa a kansa: bai taɓa buge ko kyanwa ba, kuma bai taɓa isa tashar ƙarshe a kan lokaci ba. In ya hango mutum a madubi yana gudu, sai ya taka birki ya jira. Sau biyu ma masu gudun motsa jiki ya jira.

A bikinmu na ƙananan wasannin kwaikwayo na watan Yuli ba a zaɓen gwani, ƙuri'a ake yi. Shekara tara Orest yana jefa sunansa, a ta goma aka zaro shi. Aka ba shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani coci: matakala goma sha huɗu, kujera sittin da huɗu, wasa bakwai. Ni ce mai tsaron ƙofa, aikin sa kai, shekarata ta shida.

Dokokinmu biyu ne. In aka rufe ƙofa ba mai shiga. In minti sittin ya cika, Gwen Thiessen mai kula da fitilu ta haske ɗakin, ko kana tsakiyar mutuwa ne a wasanka ka tashi ka kwashe kayanka, don wasu na jira.

Kayan wasan Orest uku ne: kujera, murfin tukunya a matsayin sitiyari, da tsohon madubin bas. Labarin rayuwarsa yake bayarwa tasha bayan tasha. Na auna masa a gwaji, minti hamsin da takwas. Abin da ban auna ba shi ne inda madubin ke kallo. Ashe tagar ƙofa ya saita.

Ranar farko, a minti na shida, ya hango fuskar wani a gilashi. Ya yi ƙarar birki da baki, ya sauko daga dandali, ya ratsa ta gabana ya buɗe.

"Shigo, maigida, ka yi ta gudu. Bari in ba ka abin da ka rasa."

Ya koma farko. Fitila ta kama shi labarinsa yana shekarar 1979.

"Baba Orest, doka ce," na ce masa bayan an watse.

"Darlene, 'yata, mutumin haki yake yi."

"Ƙiba ce. Tafiya ya yi, na gan shi."

A wasa shida ya buɗe wa mutum goma sha bakwai, har da mai kawo saƙo da wata da ke neman banɗaki, ita ma sai da aka ba ta taƙaitawa. Bai taɓa wuce minti na arba'in da huɗu na labarin ba. Mutane suka fara makara da gangan.

Daren jajibirin wasan ƙarshe bai yi barci ba sai da ya kira ni. Ya ce minti huɗun ƙarshe na matarsa Lesia ne: yadda ya jira wata yarinya tana gudu cikin ƙanƙara a watan Janairu, da abin da ya ji a ransa da bai taɓa iya faɗa mata a gida ba. Ita ba ta sani ba. Wasan ƙarshe kaɗai za ta zo.

"To, gobe ba birki," na ce.

Na liƙe tagar da takarda. Wasa ƙarfe biyu da kwata ne na rana, na ce wa Lesia ɗaya da rabi, don ita makara ɗabi'arta ce. Orest ya girgiza kai.

"Shekara arba'in nake mata wannan dabarar. Ta san nawa za ta ƙara."

Aka rufe ƙofa kujerarta babu kowa. Orest ya tuƙa, yana satar kallon madubi, takarda kawai yake gani. Sau uku aka ƙwanƙwasa, ya cije, ya ci gaba da tuƙi. Ya wuce minti na arba'in da huɗu, wata da ta kalli wasan sau biyar ta yi tafi.

A minti na hamsin da huɗu muka ji gudu a matakala. Goma sha huɗu, na ƙirga. Orest ya yi ƙarar birki, bai ma ɗaga kai ba.

"Darlene. Wannan tawa ce."

Na lissafa: saura minti shida, ƙarshen huɗu ne. Na buɗe, karon farko a shekara shida. Lesia ta shigo rungume da tukunya ba murfi, cike da curin fulawa mai dankali, ta zauna tana haki.

"Ga murfina ashe. Tsoho, koma farko, ban ga komai ba."

"Fasinja ba ya zaɓen hanya, uwargida. Zauna da kyau."

Ya tsallake tasha biyu ya shiga watan Janairu. Ya ce minti huɗu ya jira ta.

"Bakwai," in ji Lesia. "Kuma ba bas ɗinka nake bi ba. Hulata iska ta ɗauke."

"To me ya sa kika shigo?"

"Ka buɗe ƙofa kana kallona kamar maraƙi. Kunya na ji."

Dariya ta ci mana daƙiƙa hamsin. Gwen ta ɗora yatsa a kan maɓalli. Orest ya ajiye murfin, ya faɗi abin da ya zo faɗa da sauri kamar mai karanta sunayen tashoshi: cewa duk wanda ya jira tun daga ranar, ita yake sake jira. Yana rufe baki fitila ta haske. Sittin cif.

Ya dubi agogo, ya dube ni.

"Tashar ƙarshe, kowa ya sauka. Darlene, rubuta. A kan lokaci."

Mutum sittin da uku suka tashi. Lesia ta gyara zama.

"Wancan karon ma ban sauka ba," ta ce. "Miƙo min murfina, abinci na hucewa."