Biyu-biyu Ake Shiga Jirgin Nuhu

Ina gyangyaɗi a tabarma, jikana Bitrus ɗan shekara huɗu yana ta dangwalar tabulet ɗin da ubansa ya aiko masa, mai labaran Littafi Mai Tsarki. Da yatsa yake jan dabbobi cikin jirgin Nuhu.

Sai ya ɗago kai. "Kaka, ke ba ki shiga. Biyu-biyu ake shiga, kuma Baba Tsoho ya mutu."

Na ce, "Ba kai ne maigidana ba?"

"Ni da Ladi ta makarantarmu za mu shiga."

Kun ji miji!

Na rufe ido ina kukan ƙarya, sai ga tafkin Kalmalo ya taso ya shanye Illela. Jirgi na tafiya a hankali, raƙuma na leƙo ni ta taga, ni kaɗai a tabarma bisa ruwa. Hawayen gaske suka zo.

Ɗan yatsansa ya taɓa kumatuna. "Mi kike ma kuka? Baba Tsoho ya riga ya shiga, wuri yake tare miki."

Jama'a, ku wa ke tare muku wuri?