Gado Ne Ko Ruwa Ne?

Duk wanda ya san Yaya Mamman a Dayi ya san ba ya wuce kududdufi sai ya tsuguna ya tsoma yatsa ya lasa. Ko gaisawa kuke, sai ya ce, "Dakata tukun." Ni ƙaninsa, kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani.

Ɗansa Audu ne mafarin abin. Yana shekara uku gwaggonsa ta tafi da shi riƙo Funtua, ya girma ya kama aiki a kamfanin gurzar auduga, ko da sallah ba ya leƙo gida. Ɗan fari ne, ko sunansa Yaya ba ya faɗa, balle ya tambaye shi dalili. Sai ya koma tambayar kwaɗi: "Gado ne ko ruwa ne?"

Wata damina ya kwaso ƙwan kwaɗo, ya raba biyu, rabi a tukunya a rana, rabi a randar matarsa Hajara. Na rana suka yi ƙafafu, na inuwa suna nan talibambam, kai da jela.

"Uwa ɗaya uba ɗaya fa, Sani! Ashe ruwa ne."

Hajara ta ce, "Ruwa ne mana, ruwan randata! Saura ƙiris in dama maka kunu da su."

Da shekara ta zagayo ya tuƙa keke har Gozaki, ya ɗebo ƙwan manyan kwaɗinsu, ya zuba a ruwan Dayi. Suka fito ƙatti, sak iyayensu.

"To ai kuma gado ne!"

"Yaya, bara ka ce ruwa."

"Bara ma gaskiya na faɗa."

"To wanne ne?"

"Da na sani zan yi ta lasar kududdufi kamar marar rijiya?"

Shekarar da aka yi fari, kududdufin ya fara ƙafewa. Talibambam suka yi ƙafa da wuri, 'yan mitsi-mitsi, suka watse. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ko yaron nan ma ruwan ne ya yi masa kaɗan?" Ranar ban yi dariya ba.

Ranar sadakar ukun Yaya, Audu ya sauko daga motar Funtua. Na tarye shi bakin kududdufi na miƙa hannu. Ya ce, "Kawu, dakata tukun," ya tsuguna ya tsoma yatsa. Har yau ban sani ba, gado ne ko labari ya ji. Na dai yi kuka.

Allah ya jiƙan Yaya, ya shayar da shi ruwan da ba ya ƙafewa.