Adakar Mumuni

Mumuni na Issawane a bakin ruwa ya tsufa. Tun ana jan guga da jaki har aka kawo famfo mai aiki da hasken rana, shi ne mai tsaro. Abin alfaharinsa ɗaya ne: dabba ba ta taɓa barin wurinsa da ƙishirwa ba.

Da ma'aikatan ruwa suka sabunta famfon, sai suka ɗaura wata 'yar na'ura a ƙafar shato, wato babban tankin. Ta rezon salula, wato hanyar sadarwar wayar hannu, take magana da ofishinsu na Maradi, kafin ƙiftawar ido umarni ya iso, inji ya tashi ko ya tsaya.

Mumuni ya riƙe baki. Abin da ke hira da Maradi ne za a bari a rana, awaki na lasa? Haba! Ya kwance ta a hankali, ya huda adakar ƙarfen marigayiya matarsa Furera don wayoyi su wuce, ya shimfiɗa wa na'urar zane a ciki, ya kwantar da ita, ya danna kwaɗo. Ko baƙon Makka sai haka.

Washegari famfo ya yi tsit, ga bazara ta kankama. Shato ya ƙafe. Alhassan makiyayi, wanda tun zamanin ubansa nan suke shayarwa, ya iso da garke harsuna a waje. Mumuni ya kasa haɗa ido da shi.

"Ɗana, babu ruwa. Ku gusa gaba."

Daga baya labari ya dawo cewa shanun Alhassan masu ciki sun zube a hanya. Abinci ma ya gagari Mumuni.

Da Sumaiya, ma'aikaciyar ofishin, ta iso a babur, ta dubi ƙafar shato ta ga wayam.

"Baba, ina na'urar?"

"Tana nan lahiya lau, ɗiyata. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

Ya zaro makulli ya buɗe adakar. Murfi na ɗagawa fitilar na'urar ta yi kore, inji ya ɗau ƙugi, ruwa ya tsinke cikin kwamin shayar da dabbobi. Sumaiya ta dafe ƙirji.

"Baba, ƙarfe na tare rezo! Tun rannan muke aiko mata umarni, ba ta ji."

Mumuni ya durƙushe. Kwami ya cika har yana malala, babu dabba ko ɗaya a wurin. Ya zuba wa makullin ido.

"Innalillahi. Ashe yana cikin aljihuna sa'ad da na ce ma Alhassan babu ruwa."